Ɗingishin Ƙarya Ranar Laraba

'Yata mai wannan fili, ki taimake ni da shawara kafin Laraba, don na ɗaure kaina da igiyar da na kasa kwancewa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fara rawa. Da can ni ake kira in rubuta takardun ofis saboda kyan hannu.

Shekaruna tamanin da ɗaya. Na yi akawu a gidan waya shekara talatin da huɗu. Mai ɗakina ta rasu shekara shida ke nan, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yana biyu suna nesa. Suna kira, ban ce ba sa kira ba, amma waya ba ta jan kujera ta zauna.

Wata biyar da suka wuce na zame a banɗaki na karye a ƙugu. Da aka sallame ni daga asibiti, kwalejin lafiya ta jami'ar da ke bayan unguwarmu ta sa sunana cikin tsofaffin da ɗalibanta ke bi har gida. Filin da aka gina kwalejin nan, a nan muke buga ƙwallo muna 'yan makaranta, ba takalmi, bayan malamin tsafta ya gama duba mana farce da haƙora. Wa zai ce daga filin ƙwallon nan za a riƙa turo mini masu fararen riguna?

Su biyu ne, duk Laraba da hantsi. Akwai Doguwa, mai koyon gashin ƙashi, da Mai Gilashi, da ke yi mini awon jini yana duba magunguna. Doguwa da tsokana take shigowa, wai tsohon angonta ya ƙara lalaci, ta buɗe tagar da tun bayan mai ɗakina ba wanda ya damu da ita. Sukan sa in ba su labarin yadda muke buga tangaraho, saƙon waya na zamanin da, su yi ta dariya har Mai Gilashi ya cire gilashin ya share ido.

Ƙa'idarsu ita ce in tashi daga kujera, in je ƙofa, in dawo in zauna, Doguwa na duba agogo tana rubutawa a kati. Ranar da na yi haka cikin daƙiƙa goma sha huɗu, mako biyu a jere, an gama da ni, sai su koma kan wani. Ita ta gaya mini da bakinta, tana murna.

To ga laifina. Wata guda ke nan da na warke. Ranar da ba sa nan, har bakin titi nake zuwa sayen sabulu ba sanda. Amma da na ji sallamarsu sai in jawo sandar, in yi ta ɗingishi, in tsaya a tsakar ɗaki ina haki, ina ƙirgawa a zuci har ashirin da biyar.

Larabar da ta wuce malamarsu ta biyo su. Ta ga mako huɗu ba ci gaba, ta ce ko dai yarinyar ba ta koya mini motsin daidai ba, ko akwai matsalar da ta kasa ganowa, kuma idan katin bai canza ba za ta maimaita zangon. Doguwa ta tattara kayanta ta fita. Ranar ba ta tsokane ni ba.

In na faɗi gaskiya Larabata ta tafi, kuma da wane ido zan kalle su? In na yi shiru na cuci yarinyar da ba ta yi mini komai ba sai alheri. Ko in riƙa warkewa a hankali, in rage daƙiƙa uku duk mako, ba wanda ya sani?

Tsohon Akawu

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ban ga mugunta a wasiƙarka ba, kaɗaici na gani, kuma shi ma ciwo ne da ya cancanci kulawa. Amma dabarar warkewa a hankali, ajiye ta. Da katin nan ake auna yarinyar, da shi kuma take sanin ko hannunta ya iya. Ta yi aiki mai kyau, kai kuma kana koya mata shakkar kanta. Sannan akwai wani tsoho da ke kwance da gaske yana jiran a zo kansa.

Kada ka jira Laraba. Gobe ka sa rigarka mai kyau, ka riƙe sandar saboda titi, ka taka zuwa kwalejin ka nemi malamar. Ganinka tsaye a ƙofar ofishinta ya isa rabin bayani. Faɗa mata duk abin da ka faɗa mini, har dalilin. Bayan nan ka nemi gafarar yarinyar da kanka. Idan ta ji haushi tana da gaskiya, ka ba ta lokaci.

Kafin ka fito, tambayi malamar ko suna neman dattawan da ɗalibai ke koyon awo da tambayar ciwo a kansu. Makarantu irin wannan sukan buƙaci mai haƙuri da baki kamar kai. 'Ya'yanka kuma ka gaya musu ƙarara cewa zuwa kake so, kada ka bar su su yi ta zaton kira ya wadatar.

Allah ya ba yarinyar sa'ar karatunta. Kai kuma, tunda ya ba ka ƙafa, ya ba ka wuraren zuwa da ita.