Sandunan Hanyar Gonar Rake

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar taki? Ni kam ba lafiya. Macijin nan habu ya sari mijina Tomishige a ƙauri shekaranjiya da safe, a hanyar gonar rake.

Ke ba ki taɓa ganin habu ba, tunda tsibirinmu na Okinoerabu babu ko ɗaya. Nan Tokunoshima kuwa har bishiya yake hawa. Na gan shi bayan an kashe: ya fi ni tsawo, rawaya-rawaya da dabbaren baƙi, wuya siriri, kai faffaɗa kamar bakin fartanya, da ɗan rami tsakanin ido da hanci. Wai da ramin yake jin ɗumin mutum.

Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har cinya. Likita ya ce in ba ta saɓe zuwa jibi ba, sai yankewa. Inna, tsoro nake ji.

'Yarki,
Umeno

Inna,

Da fatan kina lafiya. Ki ƙona wasiƙar nan in kin karanta.

Mutanen nan suna jingine sanduna a bakin hanya, duk 'yar tafiya kaɗan, don dukan habu. Wata biyu da aurena, ba wanda ya gaya mini! Na ga busasshen itace a yashe, na kwaso na dafa dankali da shi. Har Tomishige ya ce, "Kai, amaryata akwai ƙwazo, ina kika samo itace haka?" Washegari ya ga macijin, ya kai hannu, babu sanda.

Surukata tana ta zagaya gari tana cewa, "Ɗan banzan da ya kwashe su, ba zai gama da duniya lafiya ba!" Ni ce nake miƙa mata ruwa in muryarta ta dushe. Yaya zan yi, Inna?

Umeno

Inna,

Gaisuwa mai yawa. An yanke ƙafar ranar Talata.

Tun daga ranar nake saran sanduna ina mayarwa, har hannuna ya yi kanta. Jiya na durƙusa gaban Tomishige zan faɗa masa gaskiya, ya tare ni. Ya ce, "Ni ma na ci dankalin, Umeno. Kada tsohuwa ta ji." Sai ya ce in saro masa sanda guda ɗaya, doguwa, wadda za ta kai masa hammata.

Gobe zan shiga daji in nemo ta.

'Yarki mai kewarki,
Umeno