Na Hana Ɗaure Ragon Suna

Zuwa ga ƙanena Sale,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Kumasi, yaya iyali, yaya ƙafar taka? Mu a Laranto sai godiya.

Shekara shida ina tambayarka wane ciwo ne a dangin matarka, ka yi mini shiru. Jikoki biyu na binne. Yanzu 'yarka Hajara ta sake samun ciki. A wajen awo an ɗebi jininta da na mijinta, ɗana Isa, wai dukansu suna ɗauke da sikila, wai gadon gidanmu ne. Ƙarya! Ni da na shekara talatin ina haƙar kuza ko ciwon kai babu? Na hana ɗaure ragon suna. Likkafani na yanka wa abin da ke cikin, a gaban Hajara.

A gaida yara, a sa mu a addu'a. Amma ka amsa mini, Sale: jinin wa ke kashe mini jikoki?

Yayanka,
Mamman