Barewar da aka fara bayarwa

Zuru, Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yayana Michael,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Joyce da yara, da aikin bariki can Fatakwal. Allah ya tsare min kai. Mama tana nan da ciwon ƙafarta, gida kuma cike yake da mutanen ƙauyenmu da suka gudo daga wajen Kanya, ko wurin shimfiɗa tabarma babu.

Faifan katun, fim ɗin zanen nan, da ka aiko don yaran da suka gudo su ɗan manta ya iso. Shi ne dai wanda muke leƙe ta tagar shagon Obiora ran Asabar, na yaron nan mai zama da namun daji, wanda ƙanenmu Japhet ya karya hannu wajen kwaikwayonsa a kan mangwaro. Yara sun sha dariya. Ni kuwa, Yaya, ban yi dariya ba. Ka tuna inda kuraye suka tare tafki, manyan daji suka zauna ƙarƙashin kuka suka yanke a riƙa ba su barewa don a sha ruwa? Giwa ta yi jawabi, zaki ya gyaɗa kai, biri ya zaga yana shela wai an samu zaman lafiya. Ba wanda ya tambayi barewa. Ashe tarihinmu muke kallo muna tafi!

Kai da ka gudu soja ba ka yi golmo, noman neman aure, ba, bari in tuna maka. Japhet ya kwashe shekaru yana wa baban Dinah noma don a ba shi ita, bana ce ta ƙarshe, dawa ta nuna, sai ga gudu. Manya suka zauna da 'yan bindigar daji, aka ce an daidaita: a je a yi girbi, a ba su kasonsu. Waɗanda suka daidaita ɗin, ko ɗaya bai tura ɗansa ba. Baban Dinah, Allah ya saka masa, ya zo har gida ya ce ya yafe sauran, a ɗaura aure kawai. Japhet ya ce shi ba zai zama wanda za a riƙa nunawa da baki a wasan Uhola ba, a ce ga wanda aka ba shi mata sadaka. Na yi masa faɗa, na zage shi, na ce namijin banza ne mai fifita bakin mutane kan hawayen uwarsa. Dariya ya yi, ya ce in ajiye masa tuwo. Ya ɗauki laujensa ya tafi ƙauye girbin gonar baban Dinah.

Tun daga ranar ba mu ji ɗuriyarsa ba. Wayarsa a kashe. Mun je wajen manyan, suka ce mu yi haƙuri, kada mu tayar da magana mu ɓata sulhu, ai wasu sun samu sun kwaso hatsinsu. Wallahi na gaji, Yaya. Addu'a ma bakina kawai ke yi.

Jiya Dinah ta zo taya ni tankaɗe, ta tarar yara na kallon wurin nan. Ta tsaya da rariya a hannu, ta tambaye ni ko barewar da aka fara bayarwa ta dawo. Na ce mata ai yaron nan yakan ceci kowa. Da ta tafi na zauna na kalla har ƙarshe. Yaron ya zo, an kori kuraye, an buɗe tafki, giwa ta sake yin jawabi, aka yi ta rawa. Barewar nan ko ambatonta ba a sake yi ba. Mu ma da muke yara ba mu taɓa tambaya ba.

Don Allah ka nemi hutu ka zo. Ban ce za ka iya komai ba, amma a samu namiji ɗaya da zai riƙa faɗin sunan Japhet a gaban manyan nan. Mama na gaishe ka, kullum sai ta sa an rage masa tuwo. Ka gaida Anti Joyce da Gladys da ƙaramin Abel. Gobe Dinah za ta dawo, ban san abin da zan ce mata ba.

Ƙanwarka,
Margaret