Muryar Baba a Wayar Inna

Daren Alhamis.

Alhamdulillahi, yau Inna ta sake jin muryar Baba.

Tun rasuwarsa, karatun Alƙur'aninsa da aka ɗauka yana cikin kwamfutar da ƙanwata Bilkisu ta bar mini. Ta rubuta ɗan shirin da ke tura sura zuwa waya, amma da na gwada shi bayan mun dawo daga roron wake, sai ya ce ba ni da izini. Na janye hannuna. Ni dai ba na shiga inda ba a amsa mini sallama ba.

Na kira ta a birni, ta yi ta dariya. "Yaya, buga ls -l, zai nuna miki mai fayil ɗin shirin. Sunan wa kika gani?" Nawa ne. "To ke ce mai fayil ɗin. Izinin karantawa da rubutawa kina da su, na kunnawa ne babu. Ki ba kanki shi."

Na buga chmod +x, umarnin ba da izinin da ta faɗa mini, da bisimilla. Ashe kuma sai an rubuta lambar sura bayan sunan shirin, ita yake ɗauka. Na sa 36.

Inna ta kara wayar a kunne, tana bin Yasin a hankali. Da ta ƙare ta ce, "Gobe Tabaraka."

Lambarta sittin da bakwai ce. Ba sai na kira kowa ba.