Katangar da ta Raba Mu da Bakin Isa

Zuwa ga Alhajin da ya ja sabuwar katanga a bakin kogin Isa, tsakanin Gudel da Tondibiya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ban san sunanka ba. Na tambayi gardin ƙofarka, ya ce shi ma Alhaji kawai ya sani, kuma ba ka cika zama Yamai ba. Shi ya sa na kawo kukana fili, ko Allah zai sa ya iso kunnenka.

Ni tela ne, mutumin Tawa, a Yamai na tsufa. Ina da aboki, Abdu, tsohon direban kamyo, wato babbar motar kaya, daga Maraɗi. Tun gashinmu na baƙi muke da al'ada guda: ran Lahadi bayan la'asar kowa ya hau kekensa, mu bi siririyar hanyar bakin ruwa har Tondibiya, mu juyo. Matanmu sun yi mana dariya har sun gaji sun bari. Abdu ne mai baki. Shi ya nuna mini inda kwale-kwalen kabewa suke tsayawa a da, da gindin giginyar da masunta suke shanya taru, shi ya gaya mini Tondibiya da Zabarmanci baƙin dutse ke nan. Rabin labarinsa gishiri ne, na sani, amma ban taɓa gajiya da ji ba.

Bara waccan ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, ga shi yana wuni bai ce uffan ba. Sai na ɗaura matashin zama a bayan kekena, na riƙa goya shi, na haɗa ƙugunsa da nawa da rawani. Inda yashi ya yi yawa in kwance, in sauka in tura. A kan hanyar nan bakinsa ya fara buɗewa. Muna isa giginyar ya daki bayana da hannun hagu, ya ce, "Taru." Na tsayar da keken na yi kuka, ban ko ji kunyar masu ban ruwan lambu ba. Daga nan kowace Lahadi sai ya ƙara wani suna, har ya kai ga yi mini gardama.

Bayan Sallar layya muka zo muka tarar da katangarka ta tare hanyar. Ga abin da nake so ka duba.

Na ɗaya. Filin naka ne, ba na jayayya, Allah ya sa albarka. Amma magina sun ja bulo har cikin ruwa. Tun daga Gamkalle har Tondibiya, duk mai lambun da ya yi shinge sai ya bar rata tsakaninsa da kogi, faɗin da mutum zai wuce da arozuwar, wato bokitin ban ruwan lambu, guda biyu cike da ruwa, ɗaya a kowane hannu, bai karkace ba. Ba a rubuce take ba. Haka muka tarar, kuma matalautan da lambunsu bai wuce tabarma goma ba sun kiyaye ta. Ina so in yarda maginanka baƙi ne, ba su sani ba, kai kuma ba ka zo ka gani da idonka ba.

Na biyu. Gardinka ya ce mu bi gudron, wato titin kwalta, mu zagaya. Bawan Allah bai yi mana rashin kunya ba, har kujera ya kawo wa Abdu. Mun gwada. Kamyon yashi ya wuce mu, iskarsa kaɗai ta kusa kifar da mu, ni tsoho, shi mai hannu ɗaya. Ko da mun tsira, me zai gani a gudron? Shagunan faci da tashar mai. Babu abin da ya sani can da zai kira sunansa. Tun ranar ya koma shirunsa, kuma shirun nan yana cin raina.

Na uku. Ba mu kaɗai ba ne. Matan da ke ɗaukar salati da tumatir zuwa Ƙaramar Kasuwa yanzu sai sun yi doguwar kewaya da kaya a ka. Amma ba zan fake da su ba, kukan kaina nake yi. Ina kewar hanyar nan, ina kewar ƙanshin laka da na albasa, ina kewar muryar abokina a bayana.

Yanzu ƴaƴansa sun yanke shawara, da faɗuwar damina za su mai da shi Maraɗi. Ban ga laifinsu ba, can akwai masu kula da shi. Sai dai gulbin can a bushe yake yawancin shekara, ni kuma na san shekarunmu, ba lalle mu sake haɗuwa ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sa a janye ƙarshen katangar daga ruwa, a bar wa jama'a ratar da aka saba. Ba za ta rage wa gidanka kyau ba. In hakan ya yi nauyi, ka umarci gardi ya buɗe mana ƙofa Lahadi ɗaya tak, mu ratsa ta gefen filinka, ko ganye ba za mu taɓa ba, in kai Abdu ya yi sallama da kogi.

Har yau, la'asar ɗin Lahadi na yi sai ya sa a ɗora masa hula, a fito da shi bakin ƙofa yana jirana. Ni kuwa in zo a ƙafa, in ce masa an kusa buɗewa. Don girman Allah, Alhaji, kada ka bar shi ya tafi yana ganina maƙaryaci.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya ba ka tsufa mai lafiya, ya bar ka da aminin da zai goya ka ran da ƙafa ta gaza.

Wassalam.

Wani tsohon tela, Gudel, Yamai.