Matatar Iskar Motar Baba

Jiratawa, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Abdulƙarim,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Raihanatu da yara. Na rubuto ne saboda wayarka ba ta da amfani a wurina. In ka ɗauka, kafin in gama sallama ka ce kana da baƙi a kanti. Takarda kuwa ko ba ka so sai ka karanta, na san ka da son jin ƙwaƙwaf.

Jiya na je Tsibiri wurin Inna. Ta ce ka zo ka faɗa mata ta fara ɗaure kaya, wai za ka maida ita gidanka na Sabon Gari, a rufe gidan Baba, a sayar da motarsa. Yaya, da wa ka yi shawara? Tun da na dawo na kasa zama wuri ɗaya. A gidan nan ta haife mu, a nan ta yi takabar Baba, duk matan da take hira da su ta kan katanga suna nan. In ka kai ta bene a Maradi ka ajiye ta gaban talabijin, wallahi ba na jin za ta kai baɗi.

Ka ce mata motar ta mutu. Ba ta mutu ba. A gabana Inna ta tada ta, yadda Baba ya koya mata don kada batir ya kwanta in ya yi tafiya. Tana tashi, sai dai tana tari, tana karkarwa, ga baƙin hayaƙi. Na ba maigidana labari, ya ce alamar numfashi ne ya yi mata wuya, a duba matatar iska, wadda ku mutanen birni kuke ce wa filtir. Kuma Inna ta rantse, muddin motar nan tana tashi ba za ta bar ta ta tafi ko'ina ba.

Ka amsa mini, don Allah. A gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Zuliha


Sabon Gari, Maradi, ranar Laraba

Zuwa ga Zuliha,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta, har da baƙar maganar da ke ciki. Muna lafiya. Ina gaida mijinki Maman Lawali da ɗiyata Hidaya.

Bayan haka, ke kina zuwa Tsibiri ziyara, ki ci tuwo, ki koma. Ni ake kira in wani abu ya faru. Ko Inna ta gaya miki ta faɗi a gindin randa a watan jiya? Ko ta gaya miki kullum da rana kanta ke sarawa har ta yi amai? Ta ɗora tukunya ta manta, sai da maƙwabciyarta Tahira ta ji ƙauri ta shigo. Ran da na je na same ta a zaune tana kallona kamar ba ta san ni ba, sannan ta kira ni da sunan Baba. Tsufa ne ya fara taɓa mata kai, Zuliha. Duk lokacin da waya ta yi ƙara na ga lambar Tsibiri, sai in ɗauka mummunan labari ne. Ko ciniki ba na iya yi da natsuwa.

Zancen mota kuwa, ki gaya wa mijinki ya tsaya a kan albasarsa. Baba ya sayi motar nan sabuwa gab da rasuwarsa. Daga masallaci sai kasuwar Maradi, nan ne iyakarta. Ana sake filtir ne bayan mota ta yi doguwar tafiya, ita kuwa ko rabin wannan tafiyar ba ta yi ba, lambar kilomita tana nan kowa ya duba. Filtir ɗin da bai ga hanya ba me zai toshe shi? Zama ne ya lalata injin. Na sami wanda zai saye ta a yadda take.

Ba don in ɓata wa kowa rai nake yi ba. Uwata ce kamar yadda take uwarki.

Wassalam,
Abdulƙarim


Jiratawa, ranar Alhamis

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban san ta faɗi ba. Ba ta gaya mini ba, kai ma ba ka gaya mini ba, kun haɗa kai kun maida ni baƙuwa. Na karanta wurin nan sai da na tashi na zagaya tsakar gida na dawo, na sake karantawa. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni.

Amma ban yarda kan Inna ya taɓu ba. Ran da na je da safe ne, ta lissafa mini jikokin ƙanwarta ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu. Da na taɓo mata zancen Maradi cewa ta yi, "Mi zan tahi yi can? In hau bene in sauko kamar ƙadangaruwa? Ku bar ni inda Alhaji ya bar ni." Wannan ba maganar wadda ta ruɗe ba ce.

Mai albasa kuma yana gaishe ka, dariya kawai ya yi. Ya ce in tambaye ka: injin ban-ruwansa da ke bakin rijiya a gona, kilomita nawa ya yi? Ko taku ɗaya bai taɓa yi ba, amma duk shekara sai ya sake masa matata, wani lokaci ma kafin shekara. Ya ce ita matata ba ta san tafiya ba, iskar da inji ya shaƙa ta sani, da irin dattin da ke cikinta. Kuma takarda ce, ko a ajiye take tana tsufa. Garejin Baba kuwa bayansa ne ake sussukar gero, ka sani.

Ga abin da nake roƙo. Ka aiko da sabuwa daga kantin kayan mota. Mu je mu saka. In motar ta warke, ka bar wa Inna ita, ka bar ta a ɗakinta, mu nemi mai kwana da ita. In ba ta warke ba, ni da kaina zan taya ta ɗaure kaya.

Ka gaida Raihanatu.

Zuliha


Sabon Gari, ranar Asabar

Zuwa ga Zuliha,

Assalamu alaikum. Ga filtir nan a hannun ɗan kabu-kabu, irin na motar ne, na nuna wa mai kanti takardunta. Ku saka, don kada gobe a ce na hana.

Amma ki sani, ko motar ta tashi sama, ba ita za ta warkar da Inna ba. Na yi magana da mai babbar mota. Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, za mu zo kwasar kaya. Raihanatu ta riga ta share mata ɗakin ƙasa, ba sai ta hau bene ba.

Wassalam,
Abdulƙarim


Tsibiri, ranar Talata

Yaya,

Ina gaishe ka. Daga gidan Baba nake rubutowa. Inna tana nan da ranta, in fara da wannan.

Mun zo yau da hantsi, ni da maigidana, ba mu sanar da ita ba. Muka yi ta sallama, shiru. Ɗakinta ba kowa. Sai muka ji gunjin inji daga gareji, ga ƙofar langa-langar a rufe ta ciki. Ya sa kafaɗa ya ɓalle sakatar. Yaya, hayaƙin da ya tare mu sai da na ja da baya ina tari. Inna tana cikin motar a kujerar gaba, gefen da take zama in Baba yana tuƙi. Carbi a hannunta, kai ya langaɓe, ido rabi a rufe. A ƙasa kusa da taya ga kasko, turaren wuta yana ci, irin wanda take yi wa rigunan Baba.

Muka ɗauko ta muka shimfiɗe a gindin itacen bedi, ina yi mata fifita ina kuka. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne, "Wa ya kashe ta? Ban ƙare lazimi ba."

Ashe ba jefi-jefi take tada motar ba. Kullum ne, tun da ta fita takaba. Bayan garejin kwalaben isansi ne, wato man fetur, jibge, na wurin masu sayarwa a bakin hanya. Na tambaye ta me ya sa take rufe ƙofa. Ta ce, "In bar ta buɗe maƙwabta su ce tsohuwa ta zautu, tana hira da mota?"

Muka kai ta likita, wato asibiti, a kan babur. Lokotoron da ya duba ta ya ce hayaƙin inji a rufaffen ɗaki guba ne. Shi ke kawo ciwon kai da jiri da amai da mantuwa, kuma yana kashe mutum a zaune. Ya ce ramukan da ke jikin langa-langar ne suka cece ta duk tsawon lokacin nan. Ka tuna, da rana take ruɗewa, bayan ta fito daga nan. Ni da safe na gan ta.

Da muka dawo maigidana ya buɗe gaban motar ya zaro tsohuwar matatar. Baƙa ƙirin, ta yi danƙo, ƙaiƙayin gero ya manne mata, tana ƙamshin turaren Inna. Ya saka sabuwa, ya tura motar waje ya tada. Tari ya tafi, hayaƙi ya tafi, muryarta sak ta lokacin Baba. Inna tana jin ta daga ɗaki ta yi murmushi.

To ni murmushin nan ne ya tayar mini da hankali. Na yi ta faɗa da kai don a gyara mata motar, ga shi na gyara mata abin da yake kashe ta. Na ce ta ba ni makullin, ta ɗaure shi a bakin zaninta ta juya mini baya. Gobe dole in koma Jiratawa, Hidaya ba ta da lafiya. Na roƙi Tahira ta riƙa leƙowa. Ban san abin yi ba, Yaya.

Zuliha


Sabon Gari, ranar Laraba

Zuliha ƙanwata,

Ina gaishe ki, ki yi wa Maman Lawali godiya, Allah ya saka masa. Na ce wa mai babbar mota ya dakata, na ce wa mai sayen mota ya haƙura.

Da asuba na kama hanyar Tsibiri. Na isa ƙofar gidan na kasa shiga. Na tsaya a bayan garejin ina kasa kunne ko zan ji inji, ban ji ba, na juyo. Da wane ido zan kalle ta, ni da na gaya wa dangi duka kanta ya taɓu?

In na ƙwace makullin, na ƙwace mata Baba karo na biyu. In na bar mata, ba zan ƙara barci ba. Na aika mata da takarda ta hannun Tahira, na ce ta faɗi abin da take so da bakinta, mu bi. Yanzu jira nake, na kasa zama a kanti, na kasa zama a gida.

Yayanki,
Abdulƙarim


Tsibiri, ranar Alhamis

Zuwa ga Abdulƙarim da Zuliha,

Ina gaishe ku da iyalanku. Tahira ce ke rubutawa, ni ke hwaɗi.

Kaina ya daina ciwo. Maradi dai ba ni zuwa, kada wanda ya sake yi mini zancen. Makulli na ba Tahira ta aje a ɗakinta, na ce ko na roƙe ta kada ta ba ni. Jiya na roƙe ta sau biyu.

Gobe in an sauko masallaci ku zo ku biyu. Abdulƙarim ya tuƙa, ni in zauna wurina, ku kai ni ko ina ne, ko gonar albasa ce. Kuma ku zo da yaran duka, ku bar mini su su kwana, su yi ta ɓarna. Tun da injin ya yi shiru nike jin yadda gidan ga yake, ba motsin kowa.

Allah shi yi muku albarka. Ku dai zo da wuri.

Uwarku,
Tsahara