Dutsen Kabarin Baban Abigel

Greensboro

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya jikinki, ya yara, ya mutanen Malumfashi? Mu dai muna nan a ƙasar waje, amma ba zan ce miki lafiya ƙalau ba.

Yaya, 'yata Abigel tana neman ƙare mini a hannu. Tun da babanta ya rasu a wajenku aka binne shi ba ta gani ba, yarinyar nan ta bar makaranta, ta bar cin abinci. Duk ta rame, sai ido. Likita ya yi nasa, ni ma na yi kuka har na gaji.

To, cocinmu na shirin kai matasa ƙasar Sifen, su bi hanyar ibada ta Manzo Yakubu da ƙafa har babban cocinsa. Wai al'ada ce kowa ya zo da ɗan dutse daga gida, ya ajiye a gindin wani gicciye na ƙarfe, ya bar nauyin zuciyarsa a can. Abigel ta ce za ta je, amma sai da dutsen kabarin babanta. Abu na farko ke nan da ta roƙe ni tun rasuwar!

Don Allah ki samo mini, ko ƙarami kamar goro. Maƙwabcinmu Malam Tassiou, ɗan Nijar, yana Kano, zai taho da shi.

Taki,
Liyatu

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Saƙonki ya iso, na ji abin da dangin mijina suka ce.

Ni zan yi asiri da kabarin mijina? Ni Liyatu? Dangin mijina sun san ni tun ina budurwa, amma daga jin an ce dutsen kabari sai suka tsaya a kan tsafi, har da sa ido kada ki kusanci wurin. Haba! Ki faɗa musu jikarsu ce ke mutuwa a tsaye. Ki durƙusa musu in ta kama. Malam Tassiou ya kusa tasowa, Abigel kuwa ta riga ta sayi takalmin tafiya, kullum sai ta tambaye ni.

Taki cikin damuwa,
Liyatu

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, ya gida? Na san kin yi iya ƙoƙarinki, Allah ya saka miki.

Malam Tassiou ya sauka hannu wofi. Na kasa faɗa wa Abigel. Da na taso daga aiki a titin Wendover, na tsinci wani jan dutse a bayan wurin ajiye motoci, na wanke, na naɗe a ɗankwali, na ce daga wajenki yake.

Yaya, ta rungume shi a ƙirji ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar. Bayan nan ta cinye tuwon da na tuƙa, har da ƙari. Ni kuwa na rufe nawa na ajiye.

Ta ce za ta kira ki ranar Lahadi ta yi godiya, kuma tana son jin daga wane gefen kabarin kika ɗauko. Na san ba kya ƙarya, ban taɓa jin kin yi ba. Amma ina roƙonki da girman Allah, ki ce mata daga wajen kansa.

Ƙanwarki,
Liyatu